Laifin da Aka Ɗora wa Kyanwa

A garin Rosko, idan ka ce wa uwa ɗanta ba ya gane karatu, ɗaga kafaɗa za ta yi ta ce ubansa ma haka yake. Amma ka kuskura ka ce yaron bai iya tsayuwa a kan ƙanƙara ba, to ka tsokano faɗa. Mu haka muke. An rufe mana makarantar sakandare, an rushe rumbun alkama na bakin layin dogo, banki ya tattara komatsansa ya koma birni, duk muka haɗiye. Abu ɗaya ya rage mana na tinƙaho, shi ne zauren ƙanƙara inda yaranmu ke wasan hoki, na buga ƙwallo da sanda ana zamiya a kan ƙanƙara, duk tsawon hunturu. Wanda kuwa ya ce zauren ƙanƙara ya ce Orest Pawluk, tsohon manomin da makullan wurin suke aljihunsa tun muna yara. Shi ne yake tuƙa tsohuwar motar nan mai amfani da gas, wadda ke shiga fili bayan kowane wasa ta kankare ƙanƙarar, ta shafe ta da ruwan zafi har ta koma sumul. Ba a taɓa biyansa ba, bai kuma taɓa tambaya ba.

'Yarsa Lorna mai dafa abinci ce a gidan kula da tsofaffi. Mace ce da ba ta barin ta kwana. Ita ce ta kai ƙarar maƙwabcin da ke ƙona tayoyi a bayan gida, ita ce kuma ta sa mai kanti ya kwashe madarar da ta wuce lokaci a gaban jama'a. Shi ya sa garin ya laƙaba mata Sufeto, kuma ubanta ne ya fara kiranta da haka. Tun da mahaifiyarta ta rasu, kullum safiya Orest yana gidanta. Ba ya ƙwanƙwasa ƙofa, don a Rosko ba a barin mutum tsaye a waje cikin sanyi, balle uba. Turawa yake ya shigo, ya karkaɗe takalmansa, ya ɗauko kofinsa mai tsagaggen baki daga inda yake rataye, ya ce, "Sufeto, yau wa za a kama?"

Mijinta Dale direban babbar mota ne, sai ya yi makonni a hanya. Saboda haka ita kaɗai ce a gida da safiyar nan ta watan Nuwamba da 'yarta Tessa ta sauko daga bene, hannu dafe da ƙirji. Shekarar yarinyar tara, ita ce golar ƙungiyar 'yan mata, yarinyar da ko mura ba ta cika kwantar da ita ba.

"Mama, numfashina ba ya kaiwa ƙasa," ta ce.

Lorna ta kara kunne a bayanta, ta ji wani siririn fito a ciki kamar na butar shayi da ta kusa tafasa. Ga busasshen tari. Kafin rana ta take abin ya lafa, yarinya ta ci abinci ta yi ta tsalle-tsallenta. Lorna ta ce sanyi ne. Bayan kwana biyu sai ga shi ya dawo, da safe kamar wancan.

Likitan da ke garin gaba ya saurari ƙirjin, ya sa ta hura iska a bututu, ya ce zai iya zama asma, amma ba zai rantse ba tukuna. Ya ba da maganin shaƙa. Ya tambaya ko wajen wasa ne abin ke kama ta. Lorna ta ce a'a, a kan ƙanƙara lafiyarta ƙalau, a gida ne yake tasowa, da sassafe. Likita ya ce to a duba gidan: hayaƙin taba, danshi, ƙura, ko wata dabba.

Faɗa wa Lorna a duba gida ai kamar sakin akuya ne a gonar wake. Ta yaye kafet ɗin ɗakin Tessa ta jefar. Ta wanke labule, ta canja sabulu, ta sauka ɗakin ƙasa da tocila tana shinshina bango. Da Dale ya dawo hutu ta kore shi da tabarsa zuwa gareji, har sai da suka kwana biyu ba sa ga-maciji. Duk a banza. Yarinya ta yi kwana biyu garau, rana ta uku ta tashi tana kokawa da iska. Lorna ta rame. Tana tsaye tana yanka albasa a wurin aiki, amma kunnenta yana gida. Tsoro take ji, irin tsoron da ba ta taɓa sani ba, domin duk abin da ya taɓa damunta a duniya tana iya nuna shi da yatsa ta ce ga shi, wannan kuwa ba ta san ina za ta nuna ba.

Abu ɗaya ya rage a gidan da ba ta taɓa ba, shi ne Mitsi, kyanwa mai ruwan toka da yagaggen kunne, wadda ke kwana a ƙafafun Tessa tun yarinyar ba ta shiga makaranta ba. Wata safiya Lorna ta tambayi ubanta ra'ayinsa. Orest ya daɗe yana kallon cikin kofinsa, sannan ya ce gashin kyanwa ba abin wasa ba ne, ya san wani da ya sha wahala a kansa. Ya ce idan tana so, zai kai ta gonar wani abokinsa, akwai rumfar shanu mai ɗumi da ɓeraye.

Tessa ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi wa uwar sauƙi. Da kanta ta shimfiɗa tsohuwar rigar sanyinta a cikin kwali. Ta tambayi abu ɗaya kawai: idan ba ta warke ba, za a dawo da Mitsi? Lorna ta ce za a dawo da ita. Orest ya rungumi kwalin ya sa a gaban motarsa, yarinya na tsaye a taga har ya sha kwana.

A makon Kirsimeti ko tari ɗaya Tessa ba ta yi ba. Lorna ta ce alhamdu, ashe kyanwar ce. Har ta yi wa ubanta godiya a gaban dangi. Amma da Janairu ya kama, abin ya dawo, ya kuma fi na da. Da ta yi maganar a dawo da Mitsi tunda dai ba ita ba ce, Orest ya ce kada ta yi garaje, gashin kyanwa yakan yi watanni a gida kafin ya fita. Da ta ce za ta cire yarinyar daga wasa har ta ga abin da hali zai yi, ya ce kul, motsa jiki shi ke buɗe huhu, kuma ƙungiyar ba ta da wata gola. Tessa ta yi ta roƙo. Lorna ta bari.

Wata safiyar Juma'a leɓunan yarinyar suka yi toka-toka, magana ma sai kalma ɗaya-ɗaya. Lorna ta naɗe ta a bargo ta ɗauki hanyar asibiti. Iska tana kwaso dusar ƙanƙara tana watsawa a kan titi, ba a ganin gaba sosai. Ba ta kunna rediyo ba, numfashin da ke kujerar baya kaɗai take saurare, duk wanda ya fita tana jiran na bayansa. A asibiti aka sa wa Tessa iska a hanci har yamma. Orest ya zo, ya tsaya a bakin gado yana murza hularsa, idonsa ya yi ja. Lorna ta ji tausayinsa har ta dafa kafaɗarsa ta ce ya je gida ya huta.

A Rosko kowace uwa tana da ranar da za ta tsaya a ɗan kantin abinci na zauren ƙanƙara. Wata Asabar a Fabrairu layi ya zo kan Lorna da Shauna, matar yayanta Glen. Suna soya albasar da za a zuba a kan perogi, wato dafaffen ƙullin fulawa mai dankali a ciki, suna hirar babbar gasar da za a yi a watan Maris, wadda garuruwan yankin duk za su zo, karo na farko cikin shekaru masu yawa da aka ba Rosko. Ta gilashin da ya raba kantin da fili suna ganin 'yan maza sun gama wasa, Orest ya fito da motarsa. Nan take Shauna ta ajiye cokali, ta bubbuga gilashi, ta yafito ɗanta Brody da ke zaune a benci, ta nuna masa ƙofar waje.

"Ke kam kin mai da yaron nan ƙwai," in ji Lorna tana dariya. "Ki bar shi ya ga kakansa yana aiki mana."

"Ni ina ruwana, umarnin Baba ne," Shauna ta ce tana juya albasa. "Tun da fankar nan ta mutu ya ce wa Glen kada Brody ya zauna a ciki idan mota ta shiga. Kuma kada ya tsaya har lokacin 'yan mata, don a lokacin hayaƙin ya gama taruwa."

"Wace fanka?"

Cokalin ya tsaya a hannun Shauna. Ta ɗago ta dubi Lorna, fuskarta ta canja. Ta ce fankar rufi, mai zuƙe hayaƙin motar ta fitar waje. Ta ce ita wallahi ta ɗauka Lorna ta sani, ai kowa a kwamitin zauren ya sani. Ta ci gaba da wasu maganganu, amma Lorna ba ta ƙara jin ko ɗaya ba.

Ba ta buƙaci kowa ya yi mata lissafi ba. A garin nan 'yan maza ake fara bai wa fili, 'yan mata su samu abin da ya rage, wato ƙarshen yini na Talata da Alhamis, bayan mota ta shiga ta fita sau da yawa a rufaffen zaure. Laraba da Juma'a kuwa su ne safiyoyin da Tessa take tashi ba numfashi. A makon Kirsimeti an rufe zauren. Ita kuma da bakinta ta yi godiya a kan kyanwa.

Ta cire rigar girki ta shiga cikin filin. Ta nufi ragar da ke kusa da ƙofar ɗakin mota, inda Tessa take tsayawa kullum, ta durƙusa yadda gola ke durƙusawa, fuska kusa da ƙanƙara, ta ja iska. Wani ɗaci ya kama mata maƙogwaro, idonta ya kawo ruwa. Shekara da shekaru tana jin warin nan daga sama-sama, tana ɗauka warin zauren ne kawai.

Ɗakin canja kaya ta fara zuwa, don ran nan an sa wa 'yan mata ƙarin atisaye saboda gasa. Tessa ta gama ɗaure takalmanta, tana shirin sa hular kwano. Lorna ta ce ta cire komai ta je kanti ta jira ta. Yarinya ta fara gardama, da ta ga idon uwarta sai ta yi shiru. Lorna ta juya ga sauran iyaye mata ta faɗa musu abin da ta ji. Wata ta dafe baki ta ce ita ma 'yarta tana ta tari tun Disamba, ta ɗauka mura ce. Biyu kuwa suka sunkuyar da kai suna gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Nan Lorna ta gane ba Glen kaɗai aka gaya wa ba.

Ta sami ubanta a ɗakin mota yana zubar da garin ƙanƙarar da ya kankaro. Ya ɗago da murmushi zai ce Sufeto, sai kalmar ta maƙale.

"Baba, yaushe fankar ta mutu?"

Bai tambayi wanda ya gaya mata ba. Ya jingina shebur da bango ya ce tun Oktoba. Sannan ya shiga bayani, a hankali, irin na wanda ya daɗe yana maimaita wa kansa magana. Gyaran sai an buɗe rufi, buɗe rufi sai hukuma ta zo, kuma idan hukuma ta shigo tsohon ginin nan ba fanka kaɗai za ta gani ba. Rufewa za su yi. Yara su koma wasa a garin gaba, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa, ta gani a kan makaranta. Ya ce niyyarsa a lallaɓa har gasa ta wuce, sannan a gyara da rani. Yana buɗe babbar ƙofa idan ya samu hali, amma in sanyi ya yi tsanani bututun ruwa fashewa yake. Ya ce su a zamaninsu sun shaƙi abin da ya fi wannan, ga su nan da ransu.

"Ka gaya wa Glen," ta ce.

"Glen yana cikin kwamiti."

"Ni kuma uwarta ce."

Ya kau da kai ya dubi motar. "Na san halinki, Lorna. Da na gaya miki da safe, kafin rana ta faɗi kin kira hukuma."

Da ashar ya yi mata da ya fi. Ashe ba mantuwa ba ce, ba kuma rashin sani ba. Zama ya yi ya auna 'ya'yansa biyu, ya zaɓi wanda zai iya rufe baki ya ba shi gaskiya, ita kuwa ya bar ta tana yaye kafet. Kullum safiya yana zaune a teburinta, yana shan kofinta, yana jin tarin yarinyar daga bene.

"Da hannunka ka ɗauki kyanwar, Baba."

"Ban tabbata hayaƙin ba ne," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Likita ma bai tabbata ba. Na ce ko kyanwar ce. Na so a ce ita ce."

"Amma a kan Brody ka tabbata."

Ya sunkuyar da kai. Ta jira, don har a lokacin akwai wani ɓangare na zuciyarta da yake fatan tsohon zai zo da wata magana da za ta wanke shi. Ruwa na ɗiga daga ƙarƙashin motar, shi kuma yana kallon takalmansa. Ta juya ta fita, ta ɗauki 'yarta suka tafi gida.

Ranar Litinin da safe ta kira hukumar lafiya, kamar dai yadda ya ce za ta yi. Suka zo da na'urorinsu suka auna iskar, suka sa kwaɗo a ƙofa. Aka mayar da gasa garin gaba. Mu kuwa mutanen Rosko, sai mu faɗi gaskiya, ba mu kyauta ba. Waɗanda suka san fankar ta mutu suka ji kunya, kunyar ta koma haushi. Waɗanda ba su sani ba suka ce ai da ta bari an sasanta a cikin gida. A kanti a gaishe ta da ka, ba da baki ba. Glen ya daina ɗaga wayarta. Sufeto da a da ake faɗa da dariya, yanzu a bayan idonta ake faɗarsa. Orest kuwa tausayinsa aka riƙa ji, tsoho ya ba da rayuwarsa ga zaure, 'yar cikinsa ta sa an ƙwace masa makulli. Bai ƙara zuwa shan kofi ba, kofinsa yana nan a rataye.

Cikin 'yan makonni fiton ya ɓace daga ƙirjin Tessa. Likita ya ce a ajiye maganin shaƙa kusa saboda ko-ta-kwana, amma huhun ya washe. Sai dai a makaranta an gaya wa yarinyar cewa uwarta ce ta rufe zaure, ita ce ta hana su gasa. Ta dawo gida ba ta kallon Lorna a ido. Tambaya goma, amsa ɗaya. Lorna ta gaya mata iskar wurin ce ke sa ta ciwo, amma ba ta faɗi wanda ya sani ya yi shiru ba. Sau da yawa maganar takan zo mata har baki. Sai ta tuna yarinyar ta rasa kyanwarta, ta rasa filinta, ƙawayenta sun ja baya, idan aka ɗauke mata kakanta kuma me ya rage? Sai ta haɗiye.

Wata Lahadi da rana, ƙarshen Maris, ƙanƙarar kan rufi ta fara narkewa tana ɗiga, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Lorna ta yi mamaki, don ba ta san wanda zai ƙwanƙwasa mata ƙofa a garin nan ba. Ta buɗe. Orest ne tsaye da kwali a hannu, ya faɗa, gemu ya tsiro masa. Daga cikin kwalin aka ji wani ɗan kuka.

Kafin ɗayansu ya yi magana Tessa ta ji. Ta sauko daga bene a guje, matakala bibbiyu take tsallakewa, ta wuce ta gefen uwarta ko takalmi babu. Mitsi ta rame, jikinta duk ciyawa da warin shanu, amma ita ce, da yagaggen kunnenta. Yarinya ta rungume ta da hannu ɗaya, ɗaya hannun ta zagaye wuyan tsohon, tana dariya tana kuka.

"Na san kai ne za ka dawo min da ita, Kaka," ta ce. Ta waiwayo ta yi wa uwarta wani kallo. "Na san kai ne."

Orest ya dubi 'yarsa ta saman kan yarinyar. Jira yake ya ga ko za ta faɗa. Lorna ta ga roƙon da ke idonsa, ta kuma gane cewa yau ma shirunta yake nema, abin da ya ce ba ta da shi. Ba ta kula shi ba. Kunnenta yana kan ƙirjin Tessa, wadda ta sauko daga bene a guje, tana haki, fuskarta cuse cikin gashin kyanwa. Iska tana shiga tana fita, ba fito, ba tari.

"Mama, in ɗauko wa Kaka kofinsa?"

Sanyi yana shigowa ta ƙofar da ke buɗe. Tsohon yana tsaye a kan dakali, ƙafarsa ɗaya ta ɗan matso bakin ƙofa.

"Kaka sauri yake yi," in ji Lorna.

Orest ya janye ƙafarsa. Ya shafa kan yarinyar ya ce haka ne, yana da inda zai je. Lorna ta jira har 'yarta da kyanwar suka shigo, sannan ta rufe ƙofa.